Saje Lawan Mai Cin Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa zama a layin su Saje Lawan a Gyadi-Gyadi ya san shi da abu biyu, tafiyarsa da cin abincinsa. Ita tafiyar ba abin mamaki ba ce, tsohon soja ne. Ko masallaci zai je sai ka rantse ana buga masa badujala, ƙirji a gaba, hannu yana lilo. Cin abincin ne ya zama abin magana a bakin mutane, domin Saje ba ya sa hannu a kwano sai duk wanda yake ƙarƙashinsa ya ci ya ture. Haka yake a gida, haka yake a wurin aiki, haka yake ko a gidan suna in dai shi ya jagoranci mutane zuwa. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka tsoron sammu yake yi.

Ba wanda wannan hali ya gasa wa aya a hannu kamar matarsa Indo. Ita 'yar Unguwar Gano ce, ta tashi a gidan da kwanon maigida yake da daraja kamar hularsa. Tun ba ta iya ɗaura zani da kyau ba uwarta ta koya mata cewa malmalar farko ta maigida ce, tsokar da ta fi kyau tasa ce, man shanu a kwanonsa ake fara zubawa, a rufe da faifai a kai masa. Yaro ko zai suma don yunwa, sai an fitar da na babansa tukuna. Da wannan karatu ta shiga ɗakin Lawan a bariki, lokacin yana ɗan kofur mai igiya biyu, kuma a shekarun farko ba ta ga abin ƙi ba. Yakan dawo daga fareti ya wanke hannu ya share kwano tas, har ya ce a ƙaro miya.

Sai aka kwashe su zuwa Laberiya aikin kwantar da tarzoma. Ya tafi ya bar ta da yara biyu da ciki, ya dawo ya tarar ɗan cikin yana gudu a tsakar gida. Ya rame, ya yi baƙi, idanu sun faɗa. Ranar ta sa aka yanka zakaran da ta daɗe tana kiwo saboda shi, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta jera masa cinyoyi biyu a kan miya, ta durƙusa ta ajiye. Ya buɗe ya duba, ya mayar da faifan ya rufe.

"Yara sun ci?"

"Malam, yau kai ne baƙo. Ci naka, nasu yana tukunya."

"Zuba musu. Ke ma ki ci."

Ta ɗauka gajiyar hanya ce. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallo har yaran suka ƙoshi, cinyoyin ma a hannunsu suka ƙare, ita kuma ta tsakura don kunya. Sannan ya jawo abin da ya saura, ya riga ya sandare, ya ci ya yi hamdala. Washegari haka, wanshekare ma haka. Indo ta yi fushi, ta yi kuka, har yaji ta yi na wuni guda ta dawo da ƙafarta, shi kuwa yana nan kamar an dasa shi.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne zuwan uwarsa daga ƙauye. Tsohuwa ta zauna a tabarma ta ga ɗanta, sojan gwamnati guda, yana kankare ƙanzo a gindin tukunya bayan jikoki sun lashe hannu. Ba ta ce wa ɗan komai ba, ai a wurin uwa ɗa ba ya laifi. Sai da za ta tafi ta riƙe gefen mayafin Indo ta ce, "Yarinya, ko me kika ba shi, ki ji tsoron Allah ki karya." Maganar ta zaga dangi kaf. Indo, wadda ko ƙofar boka ba ta sani ba, ta zama matar da ta mallake mijinta har ta mai da shi mai cin saura. Har tsohuwar ta koma ga Allah ba ta wanke ta ba.

Sai a lokacin, da ya same ta wata ranar da hantsi tana tsince shinkafa tana kuka ba sauti, ya jawo kujerar tsuguno ya zauna ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba.

Ya ce a can an ajiye su a wata gonar roba su tsare hanya, sai hanyar ta yanke a bayansu, motar abinci ta daina zuwa. Hafsan da aka ba su wani yaro ne Bayarabe, Laftana Rotimi, gemu ma bai gama fito masa ba. Su da suka girme shi suka ce shi ke nan, wannan ɗan makarantar zai kai su ya baro. Tukunya ɗaya ake ɗorawa a wuni, kuma Lawan ne mai rabo. In an sauke, sai Laftana ya zo ya tsaya a kanta, hannu a baya, ba ya cewa uffan, har mutum na ƙarshe ya karɓa. Wanda yake bakin gadi ma sai an canje shi ya zo ya ci. Sannan shi ya miƙo kwanonsa. Tunda Lawan ne mai ludayi, shi kaɗai ya san abin da yake shiga kwanon nan. Wata rana ƙanzo, wata rana ruwan da aka ɗauraye tukunya.

Tausayi ya kama Lawan, ya ɓoye masa rabo a ƙarƙashin ganye. Da ya kai masa, Laftana ya kira wani farabiti, ƙaramin soja, da ya fi kowa ramewa ya miƙa masa, Lawan kuma ya sha hukuncin tsallen kwaɗo a gaban jama'a. Bayan Lawan ya gama haki Laftana ya kira shi gefe, ya ce masa da 'yar Hausarsa ta bariki, "Kofur, gobe ni zan ce wa yaron nan ya tashi ya shiga inda ake harbi. Da wane baki zan faɗa, in bakin ya riga nasa cin abinci?"

Ranar kuwa ta zo. Laftana ya ce a tashi, ba wanda ya noƙe, kuma shi ne a gaba. Suka fasa suka fito, shi bai fito da ransa ba.

"Ni na goyo shi har bakin titi," in ji Lawan. "Indo, ba shi da nauyi. Wallahi kamar na goya ɗaya daga cikin yaran nan."

Tausayi ya cika Indo. Amma mace ce mai ido a kan gidanta, don haka da ta share fuska sai ta ce, "To Malam, nan ai gida ne, ba daji ba. Ni kuma ba kurtu ba ce."

"Ke da yaran nan ku ne rundunata."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. Daga ranar ta daina faɗa, ta koma dabara. Takan tura tsoka a cikin cikin malmala ta shafe bakin, shi kuma in ya ci karo da ita sai ya ɗaga ta sama kamar ya kama ɓarawo, ya kira wanda ya fi ƙanƙanta ya sa masa a baki. Hali zanen dutse, ta haƙura.

In za a faɗi gaskiya, halin nan ya yi masa rana a aiki. Ya zaga barikoki da dama, an kai shi wurare masu zafi, kuma duk inda ya je yaransa ba sa jiran ya maimaita magana. Bai iya dogon jawabi ba, ba ya kuma zagin uwar kowa, abin da ba kasafai ake samu a bakin saje ba. Sun dai san in wuya ta zo shi ne a gaba, in daɗi ya zo shi ne a baya. Karatunsa bai kai shi hafsa ba, bai kuma taɓa cewa an zalunce shi ba. Da lokaci ya yi ya ajiye kaki da igiyarsa uku, ya gina ɗan gidansa a Gyadi-Gyadi, ba nisa da asibitin koyarwa.

Indo ta ɗauka yanzu kam an huta, yara sun girma sun watse, saura auta Mufida da take karatun aikin jinya. Ina! Gidan da yake kusa da babban asibiti ba ya rabo da baƙi. Duk wanda ciwo ya taso daga ƙauyensu, shi da masu jinyarsa a nan za su sauka. Yau gwaggo mai ciwon ƙafa, gobe kawu mai jiran aikin ido, ga jikoki ana kawowa hutu. Duk wanda ya kwana a ƙarƙashin rufin Saje ya shiga runduna, ko ya sani ko bai sani ba. Dattawan ƙauye sukan ji nauyi su ce ba za su riga maigida ba, sai ya tsaya musu a kai har su ci.

Zaman gida kuma ya gagare shi. Ya samu aikin shugaban masu gadi a wani babban siton kayan masarufi a hanyar Unguwa Uku. Mutanen da ya tarar tarkace ne, wani tsohon ɗan dako, wani ɗan sintiri, wani ma bai san dalilin da ya sa aka ba shi kulki ba. Tsohon soja ɗaya ne a cikinsu, Kofur Onyekachi, Ibo haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Sai wani ƙato mai tsaron ƙofar baya, Ɗan'azumi, wanda in ba a sunansa ba ba ka ganin alamar azumi a jikinsa, shi kaɗai yakan tashi da abincin mutum uku.

Da azahar wata mai abinci take kawo musu shinkafa a babbar kula. Kafin zuwan Saje, shugaba ne yake fara buɗewa ya tsince nama, masu ƙarfi su biyo baya, na ƙofar baya kuwa sai ruwan miya. Saje bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai tsaya a kan kular, ya sa aka fara da wanda ya fi nisa, shi da kansa yakan je ya riƙe wa Ɗan'azumi ƙofa ya zo ya ci. Ba a daɗe ba gardama ta mutu a siton, barci a bakin aiki ya ragu, ɗan abin da yake bin ƙafar mutane ya fita ma ya daina fita. Lokacin da aka kwantar da matar Onyekachi saboda haihuwa ta zo da gardama, Saje ne ya riƙa tsaya masa a ƙofa har aka sallame ta, bai kuma bari maganar ta kai kunnen mai sito ba.

Ana nan sai ƙishirwa ta sa shi a gaba, ga yawan zagayawa, wandunansa suka fara yi masa yawa. Mufida, wadda a lokacin ta gama karatu ta kama aiki, ta ja shi gwaji da ƙyar. Ciwon suga ne, kuma ya yi nisa. Likita ya ɗora shi a kan allura kowace safiya, ya ce ƙarfinta da rana tsaka yake tashi, don haka dole abincin rana ya tarye ta a kan lokaci. Saje ya karɓi maganar allura kamar daga bakin kwamanda, ko sau ɗaya bai tsallake ba. Maganar abinci kuwa, ai wannan tana da dokarta tun daga Laberiya.

"Baba," in ji Mufida, "allurar nan in ta tashi ba ta tarar da abinci ba, kai za ta ci."

"Yaran suna da sauri, ba sa daɗewa a kan kwano."

Ta riƙa cusa masa dabino a aljihu, ta ce in ya ji jiri ya jefa a baki. Daga baya aka gano kullum rabar da shi yake yi, kowa ɗaya, in ya saura a ƙara wa Ɗan'azumi.

Ranar da abin ya faru Indo tana kasuwar Tarauni tana cinikin attaruhu. Waya ta yi ƙara a cikin jakarta, ta ɗauka ta ji muryar Onyekachi yana cewa an kai Saje asibiti. Ko ledar kayan miyan ba ta ɗauka ba. A hanyar asibiti, cikin adaidaita sahu, ya ƙarasa mata bayani ta waya. Tireloli ne suka zo a jere ta ƙofar baya, 'yan dako suna ta shige da fice, Ɗan'azumi bai samu sararin motsawa ba. Kowa ya ci sai shi. Saje yana tsaye a kan kula, gumi yana keto masa, hannu yana karkarwa. Onyekachi ya ce, Oga ka ɗan taɓa mana, ya ce Ɗan'azumi bai ci ba. Da ya ga abin ya ƙi ƙarewa sai ya kama hanya zai je ya canje shi, a tsakiyar fili ya yanke jiki ya faɗi.

Allah ya sa da sauran kwana. Aka ɗaura masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya kuma shi ne wa aka bari a ƙofa. Likita bai ɓoye wa Indo komai ba, ya ce irin wannan faɗuwar ba kullum ake tashi daga ita ba. A gadon asibiti kuwa Saje ya ba kowa mamaki, duk abin da ma'aikata suka kawo daga kicin ɗinsu yakan ci a kan lokaci ba musu. Indo ta fara murna, ta ce ashe wuya makaranta ce. Sai ranar sallama ta gane dalili. Ya ce a can shi ne kurtu, ba kowa a ƙarƙashinsa. Ya kuma ce ranar Litinin zai koma aiki.

Ta roƙi limamin layinsu ya zo dubiya ya sa baki. Liman ya zauna a zaure ya saurara, sannan ya ce, "Saje, rantsuwa ka yi? In rantsuwa ce ai da sauƙi, ka yi kaffara ka huta."

"Ban rantse ba, Malam. Ba wanda ya sa ni."

"To jikin nan naka amana ne a hannunka."

"Su ma amana ne, Malam."

Liman ya yi addu'a ya tashi. Mufida ta ce ya bar aikin gaba ɗaya, ya dube ta kamar ta ce ya gudu daga fagen fama, ba ta ƙara ba.

Tsoro ne ya kama Indo, tsoro na gaske, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon gishiri. Ta tura shi Laberiya ya dawo, ta tura shi wurare da ba ta ma iya faɗin sunansu ba ya dawo, yanzu kuma kular shinkafa ce za ta sa ta takaba. Ta ji haushinsa. Ta ji haushin Rotimi, mutumin da ba ta taɓa gani ba, sannan ta ji kunyar jin haushin yaron da ya mutu da yunwa a cikinsa a ƙasar wasu. Da ta rasa inda za ta sa kanta sai ta tuna cewa da ɗan gari akan ci gari. Ranar Asabar ta ce za ta je gidan ƙanwarta a Daurawa, ta yafa mayafi ta tsayar da adaidaita sahu, ta ce a kai ta siton, wurin da ba ta taɓa takawa ba.

Onyekachi ya rusuna ya gaishe ta, ya goge mata benci da hularsa. Ɗan'azumi yana jin an ce matar Saje ce ya taho yana share ido da bayan hannu, yana cewa shi ya ja, da ya sani da ya aiko a ce ya ƙoshi.

"Ba ya cin wannan," in ji Onyekachi. "Mun gwada. Sai ya ga kwanon mutum da idonsa."

Indo ta ce, "Kai ka yi soja. A can, in babba ya ƙi jin magana, me ake yi masa?"

"Mama, ba a yi masa komai. Bi ake yi."

"In bin nasa zai kashe shi fa?"

Onyekachi ya sosa ƙeya.

"To faɗa mini, me ya fi tsana a duniya?"

"Ya ga yaronsa da yunwa."

"To ku ji yunwar," in ji Indo. "Ranar Litinin ku ce wa mai abincinku ta huta, ni zan kawo. Kada wanda ya taɓa sai ya ci. In ya ci a ranar, gobe ma haka, kullum haka."

Onyekachi ya zaro ido. Ya ce wannan a soja sunansa tawaye. Ta ce ita ba ta san sunansa ba, ta dai san ba ta da wani mijin. Ɗan'azumi ya ce shi ko karin kumallo ba zai yi ba ranar, kuma wanda ya san Ɗan'azumi ya san ba ƙaramar kyauta ya bayar ba.

Litinin ta zo. Saje ya yi allurarsa, ya goge takalmi, ya fita. Indo ta tuƙa tuwon alkama, ta kaɗa miyar kuɓewa busasshiya da naman rago, ta cika manyan kuloli biyu, ta zuba nasa daban a 'yar ƙarama ta rungume ta a cinya. Ana kiran sallar azahar tana sauka a bakin siton. Da suka idar ya fito ya gan ta zaune a benci ƙarƙashin rumfa, ya tsaya turus.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Mutanenka suka kai ka asibiti, na ce bari in yi musu godiya."

Wannan ya yi masa daidai, har ya gyaɗa kai. Ya tsaya a kan kulolin yadda ya saba, aka zuzzuba, aka jera kwanuka a tabarma. Ya aika a canjo na nesa. Suka zo suka zauna suka kewaye abinci, ƙamshin daddawa da man shanu ya cika rumfar. Ba wanda ya miƙa hannu.

"Me kuke jira?"

"Kai muke jira, Oga," in ji Onyekachi.

"Ban gane ba."

"Sai ka ci za mu ci. Waɗanda suke ƙofa ma sun ce a faɗa maka haka."

Saje ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta koma irin ta filin fareti. "Kofur, ka san sunan abin da kuke yi?"

"Na sani, Oga."

"Ka san hukuncinsa?"

"Na sani. Ka ci tukuna, sannan ka hukunta."

Sai ya juya kan wanda ya san ya fi rauni a wannan fage. "Ɗan'azumi! Ɗauki kwanonka."

Cikin Ɗan'azumi yana kiran ciroma har na gefensa suna ji. Ya dubi tsokar da take kan tuwonsa, ya haɗiyi yawu. Sai ya miƙe tsaye ya mai da hannuwansa baya ya ƙulle su, don bai yarda da su ba.

Wata tirela tana ta hon a waje ba wanda ya kula. Miyar da take cikin kwanuka ta fara yin fata a sama. Indo ba abincin take kallo ba, goshin mijinta take kallo, kuma ta ga abin da take tsoro, gumi ya fara tsattsafowa a ƙarƙashin hularsa. Yatsunsa sun fara motsi a jikin wando. Ita ta haɗa wannan abu don ta cece shi, ga shi abin yana cinye lokacin da ba shi da shi. In ya kafe, ita ce za ta kayar da shi da hannunta. Saura kaɗan ta ce musu don Allah ku ci, ku yi sauri. Ta danne bakinta da mayafi.

Ya juyo ya dube ta. "Ke ce?"

"Ni ce."

"A gaban yarana, Indo?"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba, yau ma ba ta ɗaga ba, amma kowa ya ji. "Malam, tun ina da ƙuruciyata nake bin dokarka. An ce asiri na yi maka, na yi shiru. Na daɗe ban nemi ka sake hali don ni ba. Yau ina nema. Ban shirya zaman takaba ba."

Onyekachi ya ce a hankali, "Oga, in ka faɗi, wa zai tsaya mana a kan tukunya? Wanda za a kawo ba zai san akwai mutum a ƙofar baya ba."

Saje ya waiwaya. Ya daɗe yana kallon Ɗan'azumi, ƙaton da hawaye yake bin kumatunsa, yunwa tana cinsa a gaban abinci, kuma ba wanda ya hana shi ci sai shugabansa. Duk tsawon aikinsa bai taɓa zama sanadin yunwar yaronsa ba sai yau. Kafaɗun nan da ba a taɓa gani sun sauka ba suka sauka. Ya cire takalmi ya hau tabarma ya zauna, ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa.

Indo ta durƙusa ta buɗe 'yar kular, tururi ya tashi. Ta juye tuwon, ta kwarara miya. Ya yi bisimilla ya cusa yatsu kai tsaye yadda ya saba yi wa sandararren tuwo, sai ga shi ya fizge hannu yana yarfewa. Ba wanda ya yi dariya. Ya hura, ya gutsuro kaɗan daga gefe, ya dangwala ya kai baki.

"Ku ci," ya ce, bai ɗago ba.

Kafin ya rufe baki Ɗan'azumi ya kai loma ta biyu. Kwanuka suka ɗauki ƙara, aka aika wa na ƙofa da nasu. Saje yana ci a hankali, karkarwar hannunsa tana raguwa, Indo tana durƙushe a gefensa. Can ya tsaya da loma a hannu, ya dubi miyar, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Indo, ashe na manta. Haka miyarki take da zafinta?"

Ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, hawaye yana zuba.

"Haka take, Malam," ta ce. "Kullum haka nake sauke ta."